Yatsun Ba Kaumi

A unguwar Hausari ta garin Potiskum, lokacin da nake budurwa, babu wanda bai san labarin yatsun mahaifina ba. Wai da Turawa suka aiko a ɗebi samari zuwa yaƙin Burma, Kaumi ya zagaya bayan ɗaki da gatari, ya ɗora hannunsa na dama a kan turmi, ya datse manuniya da ta tsakiya don kada a ba shi bindiga. Wai duk da haka tsoro bai sake shi ba, ya tsallaka Lami, wato Njamena ta yanzu, ya laɓe har aka gama yaƙi. Haka na ji a bakin rijiya, haka na ji a makaranta. Akwai ma wadda ta rera mini shi da waƙa ranar da na kayar da ita a lissafi.

Ni kuwa, masu karatu, kun fara sanin halina. Ke da kika rubuto mini jiya kina cewa, "Hajiya Fanna, ke komai sai kin ce wa ya gani?", gaskiyarki ce 'yata. Na kusa tamanin, kuma har yau in aka ce mini "an ce", sai na tambayi wanda ya ce.

Ba Kaumi, kamar yadda nake kiran mahaifina, ya rasu ina ƙarama, amma na san hannun nan. Da shi yake riƙe nawa in za mu kasuwa. Bai taɓa cewa komai a kansa ba, ko da wasa. Maraya ne, a gidan attajirin unguwarmu aka raine shi, tare da ɗan gidan mai suna Abatcha. Shi Abatchan nan shi ne ya zama Alhaji Abatcha, babban dillalin shanu, gwarzon Burma, mai lambobin yabo jere a kan ƙyallen karan-miski cikin kabat ɗin gilashi a zaurensa. Gida ɗaya ya fitar da jarumi da matsoraci, in ji mutanen gari.

To, sai Allah ya haɗa ni da ɗan jarumin.

A shekarar 1969 ne, ana tsakiyar yaƙin basasa. Na dawo daga kwalejin horon malamai mata a Maiduguri, ina koyarwa a firamare. Muhammadu Lawan malamin dabbobi ne a kasuwar shanu. Dogo, baƙi, ga wushirya, kullum rigarsa a goge amma in ka matso sai ka ji warin maganin kaska. Yakan zo bayan la'asar a kan babur ɗinsa, ya jingine shi jikin dalbejiyar ƙofar gidanmu, ya yi ta goge madubin da hankici kamar ba ni ya zo gani ba. Ni kuma in ɓata lokaci a ɗaki ina turara lafayata, don kada ya ga kamar jiransa nake. Jiransa nake.

Da maganar aure ta taso, dangin Lawan suka shiga binciken asali kamar yadda aka saba. Abin dariya, gidan da suka raini ubana su ne za su binciki asalina. Wata Asabar sai ga ƙanwar Alhaji, Hajja Gumsu, ta yi sallama. Lafaya ruwan goro, awarwaron zinariya har gwiwar hannu, ƙamshin turarenta na humra ya riga ta shigowa tsakar gida. Mahaifiyata, Iya Yakaka, ta shimfiɗa mata sabuwar tabarma, ta kawo ruwa a kwanon sha mai murfi. Ko buɗe shi ba ta yi ba.

"Yakaka, ni ba na zagaye-zagaye. Yarinyarki ba ta da aibu. Ga karatu, ga kyau daidai gwargwado."

Daidai gwargwado! Ina bayan labule, na kusa fitowa.

"Amma jini yana bin jini. Lawan jinin soja ne. Ba ma son a haifa mana jikokin da za su ji ƙarar ƙofa su shige ƙarƙashin gado."

Iya ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta. "Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, Hajja."

"Amin. Yaya Alhaji bai ce e ba, bai ce a'a ba, kunyarku yake ji. Ni ce ba ni da kunya, shi ya sa aka bar mini."

Da ta tafi na fito ina huci. "Iya, kina ji ana zagin Ba a cikin gidansa, kika ce Allah ya zaɓa?"

"Me kike so in ce?"

"Ki ce ƙarya ne! Ko gaskiya ne?"

Iya ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba, yana raye ko bayan ransa. Ta ɗauki kwanon ruwan ta juye a gindin lalle. "Ni dai ban san mai gidan nan da gudu ba," ta ce, ta shige madafa.

Abu biyu ne suka daɗe suna yi mini kaikayi. Na farko, a lokacin nan in jirgin sama ya ratsa Potiskum, mutane watsewa suke, kowa ya nemi maɓuya. Sai na tuna Ba Kaumi. Shi in ya ji ƙarar jirgi, ajiye abin da ke hannunsa yake, ya fito fili, ya kare ido da hannu yana bin sa da kallo, fuskarsa a sake kamar mai jiran baƙo. Wannan ne matsoracin?

Na biyu, an taɓa gayyatar Alhaji Abatcha makarantarmu ya ba yara labarin yaƙi. Ya zo da babbar riga da lambobinsa a ƙirji, ya ce sun kori Jafanawa a kan tudun rairayi, ƙishirwa ta kashe musu raƙuma. Yara suka yi ta tafi. Ni kuwa a makon nan na gama koya musu taswirar ƙasashen gabas, kuma abin da na karanta shi ne Burma kurmi ce da duwatsu da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Raƙumi a Burma? Na yi shiru, don yarinya ba ta gyara wa Alhaji magana a gaban hedimasta. Amma na ajiye.

Da Lawan ya zo da yamma, ko madubin bai goge ba.

"Na ji abin da Gwaggo ta yi. Fanna, ki yi haƙuri. Ni ba mahaifinki zan aura ba."

"Au, kai ma ka yarda ke nan."

"Ban ce na yarda ba. Na ce bai dame ni ba."

"Ni ya dame ni, Malam Lawan. Ba zan shiga gidanku a matsayin wadda aka yi wa alfarma ba. Ka san wani da ya je Burma ban da Baba Alhaji?"

Ya yi ɗan tunani. "Akwai wani tsoho Bafulatani a Damagum, Saje Hammawa. Ni nake yi wa shanunsa allura. Da ka zauna zai fara, sai ka gudu da ƙafarka."

"Suna zumunci da Baba Alhaji?"

"Baba ba ya zama da tsofaffin soja. Yana cewa tuna jini ba ibada ba ne." Ya dube ni. "Malama, wannan kallon naki na mai shirya jarrabawa ne. Me kike ƙullawa?"

"Ziyara zan kai wa ƙawata Hanatu. An hana?"

Hanatu tare muka yi kwaleji, a Damagum take koyarwa. Asabar ta gaba na hau bayan wata tsohuwar motar katako, tsakanin buhunan gero da wata akuya da ta ƙudurta sai ta ci gefen mayafina. Hanatu ta raka ni har bayan gari. Muka tarar da Saje Hammawa a ƙarƙashin tsamiya yana tufkar igiya. Siriri, fari, idanunsa sun yi yana har ba ya shaida fuska, amma da ya ji sallama ya miƙe zumbur kamar an buga ƙaho.

Bayan gaisuwa da ƙwaryar kindirmo, na ce, "Baffa, tambaya ce da ni. A cikin waɗanda kuka je Burma, ko ka san wani Kaumi, mutumin Potiskum?"

"Kaumi... Kaumi..." Ya girgiza kai. "Babu. Bataliyarmu ta sojan ƙasa ce, mu ne masu tafiya da ƙafa, kaya a ka, adda a hannu. 'Yan ƙasar nan duk a kamfani ɗaya aka zuba mu, na san kowa da ubansa. Na Fika, na Gadaka, na Nangere. Babu Kaumi."

Na ce a raina, to Fanna, kin zo da ƙafarki kin tabbatar wa Hajja Gumsu maganarta. Hanatu ta taɓa ni alamar mu tafi. Sai dai ni in na biya kuɗin mota sai na gama tambayoyina.

"Daga Potiskum wa ka sani?"

"An kawo su da dama, amma wanda ya dawo da rai a namu mutum ɗaya ne. Abatcha." Muryarsa ta canza. "Allah ya jiƙan Abatcha. Wani mai sayen fata ya ce mini ya rasu tun kafin a ba da mulkin kai."

"Yana nan da ransa, Baffa. Alhaji ne yanzu. Ɗansa ne ma yake yi wa shanunka allura."

Igiyar ta faɗi daga hannunsa. "Malamin dabbobi? Ɗan Abatcha ne? La'ilaha illallahu! Yaron nan yana zuwa yana tafiya, ban taɓa tambayarsa ko ɗan wane ne ba! Ɓingel, 'yata, kin san wanda kike faɗa kuwa? Ba don shi ba da kifayen kogin Kaladan ne suka yi sadakata."

Ya gyara zama. Ya ce a can babu hanyar mota, jirgin sama ne yake jefo musu abinci da laima, in suka ji ƙararsa sai kowa ya ɗaga kai yana lasar baki. Na tuna Ba yana bin jirgi da kallo, amma ban katse shi ba.

"Abatcha soja ne na gaske, sai dai yana da aibu ɗaya. Ba ya amsa sunansa da wuri. A fareti samanja zai daka tsawa, 'Abatcha Potiskum!' Shiru. Sai na zungure shi sannan ya ce 'Sa!' Ya sha gwale-gwale a kan haka. Muka ɗauka kunnensa ne da nauyi, amma mutumin da ke jin takun Jafan a kan ganye tun daga nesa, ina kurumta?"

Ya ce wata rana aka biyo su, suka iso wani rafi da ya cika ya tumbatsa, yana gangarawa Kaladan. Yawancinsu 'yan tudu ne, ba su iya ruwa ba. Abatcha ya yi iyo da igiya ya haye, babu itacen kirki a bakin gaɓar, sai ya turje ƙafa a jikin dutse ya riƙe igiyar da hannunsa, mutane suna bi ɗaya bayan ɗaya. Ana harbi daga kan tudu.

"Ni ne na ƙarshe, don ni na fi kowa tsoron ruwa. Ina tsakiya na ji igiya ta yi sako-sako, na ce shi ke nan. Sai ta sake ɗaurewa. Da na fito na tarar ya naɗe ta a damtse, ya cije bakinta da haƙori, jini yana bin ta. Harsashi ya tafi da yatsunsa biyu, bai saki ba." Ya ɗaga hannunsa na dama, ya lanƙwashe manuniya da ta tsakiya. "Waɗannan. Ni na ɗaure masa da igiyar takalmina. Har yanzu da uku yake cin tuwo? Mun sha yi masa tsiya, mu ce lomarsa ta fi ta masu biyar."

Masu karatu, na sha ganin hannun Alhaji Abatcha yana jan carbi. Yatsu biyar, biyu da zoben azurfa.

Hanatu ta dube ni, na dube ta. Tsohon bai ga fuskokinmu ba, murna ta ɗauke shi.

"Laraba ina zuwa kasuwar shanu. Wallahi ba zan koma ba sai na riƙe hannun nan. Ki gaya masa Hammawa mai tsoron ruwa yana tafe!"

A mota ban san akuya ko buhu ba. Amma bakin tsoho ɗaya mai yanar ido bai ishe ni hujja ba, ko da abin da ya faɗa shi ne abin da zuciyata take so. Musamman ma don shi ne abin da take so. Na tarar da Iya tana tankaɗe. Na zauna a gabanta ban ko cire mayafi ba.

"Iya, da wane suna Ba ya je Burma?"

Rariyar ta tsaya.

"Wa ya gaya miki?"

"Wanda ya ɗaure masa hannun."

Ta ajiye rariyar. Ta ce sau ɗaya ya ba ta labarin, a ciwonsa na ajali. Da aka raba wa masu unguwa adadin samarin da za su kawo, sunan Abatcha ya faɗo a ciki. Tsohon da ya raine su ya kira mahaifina, ya ce, na ci da kai, na tufatar da kai, yau ina da buƙata. Bature ba ya bambanta fuska, suna kawai yake kira. Aka sa shi ya dafa Alƙur'ani ba zai faɗa ba. Aka tura Abatcha Lami wurin 'yan'uwansu, shi kuma ya hau motar soja.

"Ranar da ya dawo, ko ruwa bai sha ba, ya kai kakin da lambobin gaban tsohon, ya ce ga kayanku. Mutane suka ga ɗaya da lambobi, ɗaya da guntun hannu. Shi ba ya magana. Sai suka yi masa tasu."

"Ke fa? Ke ai ba ki dafa Alƙur'ani ba!"

"Ban dafa ba. Wa zan gaya wa? Bazawara mai sayar da ƙuli, a kan Alhaji? Kuma shi bai ɗauki abin wulaƙanci ba, Fanna. Cewa ya yi ya biya, babu wanda yake binsa komai a duniya. Da wannan ya mutu, hankalinsa kwance."

"Gumsu ta sani?"

"Tana ƙarama. Ita da gaske take alfahari da yayanta." Ta kama hannuna, nata duk gari. "Saurare ni. Ki aika wa Hanatu ta ce wa tsohon nan Alhaji ya yi tafiya. In ya shiga zauren nan ya kama hannunsa a gaban jama'a, kin rasa Lawan. Babu ɗan da zai auri wadda ta tsiraita ubansa. Wanda ya mutu ba ya buƙatar lamba. Ke kina buƙatar gida."

Lahadi ta wuce ban aika ba. Litinin na shiga aji na rubuta kwanan wata a allo na tsaya ina kallonsa har yara suka fara dariya. Ina son Lawan, kada wata ta rubuto mini cewa ban so shi ba. Har na zaɓi sunan da zan riƙa kiransa da shi in an kai ni, tunda ba zan faɗi nasa ba. Amma duk lokacin da na rufe ido sai in ga mutum a bakin rafi da igiya a haƙori, ana kiransa da sunan wani.

Bayan la'asar na ji babur. Ban turara komai ba, na fita da atamfar da na dawo da ita daga makaranta. Lawan yana tsaye da sabuwar hula zanna, bakinsa ya ƙi rufuwa.

"Albishirinki!"

"Goro."

"Baba ya amince! Jiya ya kira Gwaggo, ya ce maganar ta ƙare, Juma'a za a kawo gaisuwa. Gwaggo har da kuka, wai an raina ta. Kin san ta fita ta bar takalminta ƙafa ɗaya?" Ya yi dariya, ya ga ban yi ba. "Abu ɗaya kawai ya ce. An gaya masa kin je Damagum. Ya ce a bar tone-tonen abin da ya wuce, shi ya yafe wa mahaifinki tuntuni, bai kamata a riƙa tayar da marigayi ba."

"Ya yafe masa."

"Haka ya ce. Fanna, mene ne? Ba abin da muke so ba ke nan?"

Na ji motsin Iya a bayan ƙyauren zaure. Na san tana tsaye, na san abin da take roƙo a ranta.

"Malam Lawan, jibi Saje Hammawa zai zo gidanku. Ba zan hana shi ba. Amma ba na so ka fara ji a bakin kasuwa, gara ka ji a nawa."

Murmushin ya ragu. "In ji me? Me tsohon ya ce miki? Ya san inda mahaifinki ya ɓuya?"

Na dube shi ido cikin ido, abin da ban taɓa yi ba.

"Mahaifina bai ɓuya ba. Shi ya je Burma da sunan mahaifinka. A bakin rafi harsashi ya cire masa yatsu, yana riƙe da igiyar da kamfaninsu ya haye da ita. Lambobin da ke zaurenku nasa ne. Baba Alhaji a Lami ya zauna har aka gama yaƙi."